Wanda Ya Mayar da Ni Gida

Ku matso ku ji wannan, amma kada kowa ya yanke hukunci sai na kai ƙarshe, don na san halinku.

An yi wani dattijo, Malam Barmo, mutumin wani ƙauye da ake kira Kwarin Gawo. Ƙauyen nan yau ba a zuwansa da ƙafa. Tun shekarun baya aka yi madatsar ruwa a yankin, aka tashi mutanen, ruwa ya hau kan gidaje da gonaki ya zauna. Malam Barmo ya koma birni da iyalinsa, ya kama sayar da hatsi a bakin kasuwa, ba a taɓa jin ya yi ƙorafi ba. 'Ya'yansa uku. Ladidi ce ta fari, ita kaɗai ta yi wayo a ƙauyen. Ɗayyabu yana goye aka taso, ya girma ya zama direban babbar mota. Nafi'u, autan, a birni aka haife shi, ya yi karatun zane har jami'a, irin zanen nan na fentin mai da ake yi da burushi a kan ƙyalle mai kauri, a rataye a bango.

Shekarar da mahaifiyarsu ta rasu, tsohon ya daure har aka yi girbi. Da sanyi ya fara leƙowa sai ya daina cin abinci. A kawo tuwo ya kau da kai, a dama kunu ya huce a gabansa. Likita ya duba shi ciki da waje, ya ce wannan ba ciwon allura ba ne, amma in aka ci gaba a haka ba zai ga ƙarshen sanyin ba. Shi kuwa tsohon magana ɗaya yake maimaitawa: "Ku mayar da ni gida." Gidan kuma yana ƙarƙashin ruwa.

Nafi'u ne ya fara motsawa. Ya ce tunda ba a iya kai Baba gida, bari a kawo masa gidan. Ya zauna ya zana ƙauye daga kansa, da fentin da ya sayo a kanti: gonaki kore shar, sama shuɗi fes, rana tana faɗuwa ja wur kamar an hura mata wuta. Aka jingina zanen a gaban gado. Malam Barmo ya dube shi na ɗan lokaci, ya ce, "Wane banki ne ya raba kalanda?" Sannan ya juya fuskarsa bango, ya ce, "Wannan ba ƙasarmu ba ce."

Maganar nan ɗaya ce, kunnuwa shida suka ji ta, amma kowanne abin da ya fahimta daban.

Ladidi ta ɗauka wurin yake nufi. Da ma dubiya ta zo, sai ta bar gidan mijinta da ɗinkinta a wani gari, ta tare a ɗakin autan, ta shiga kwashe masa abin da ke kanta. Ta ce Baba ba damina yake kewa ba, don damina wahala ce ga manomi. Lokacinsa shi ne farkon sanyi, an kai dawa rumbu, jiki ya huta. A lokacin gonaki sun zama ruwan toka, an tsibe kara nan da can, ciyawa ta koɗe, kuka ta zubar da ganye ta tsaya tsirara, hayaƙin wutar safe ba ya tashi sama sai ya kwanta a kan rufin ɗakuna. Ta ce itacen gawo kaɗai ke saɓa wa kowa: da damina tsirara yake ba ganye, sai sanyi ya shigo kowa ya bushe sannan shi ya yi tofo, koren nasa ma ba mai ihu ba, kamar an wanke shi sau da yawa. Ta nuna masa inda hanyar rijiya ta karkata, da inda tudu yake a bayan gari. Kuma ta tuna wani abu da ba kowa zai tuna ba, cewa kullum da hantsi Inna tana shanya wani tsohon zanenta na ɗaurawa, shuɗi, rinin baba, a kan danga, daga hagun ƙofa. Da ba ta faɗi waɗannan ba, babu mai faɗa, don sa'o'in tsohon duk sun riga shi gidan gaskiya.

Ɗayyabu shi ƙasar kanta ya fahimta, wadda ake takawa. Bai yi shawara da kowa ba, ya ajiye motar, ya nufi bakin madatsar. Ruwa a cike yake maƙil bayan damina, ba abin da ya saura na Kwarin Gawo sai kan tudun nan na bayan gari, ya zama ɗan tsibiri. Masunta suka ce ba sa zuwa can a wannan lokaci saboda iska. Ya roƙi aron kwalekwale, shi da bai iya ruwa ba, ya tuƙa da kansa. Ya haƙo jar ƙasa daga jikin tudun, da fara daga gefen ruwa, da wata mai ruwan toka daga inda ya ga alamar tsohon murhu. A hanyar dawowa kwalekwalen ya kife kusa da gaɓa, ya sha ruwa ya ƙoshi, masuntan suka jawo shi buhun yana ɗaure a ƙugunsa. Ya iso gida da zazzaɓi. Yana rawar ɗari ya shanya ƙasar, ya daka, ya tankaɗe, ya kwaɓa ta da man gyaɗa ya kai wa ƙanensa.

Nafi'u ya shinshina ya ce, "Yaya, ƙuli za mu toya ne? Wannan ai har tashin duniya ba zai bushe ba, tururuwa ce za ta cinye ƙauyen."

Ɗayyabu ya ce, "To malamin jami'a, kai da ka san mai, me ya hana ka sanin ƙasa?"

Aka sake kwaɓa garin da man da masu zane ke amfani da shi. Launukan da suka fito babu irinsu a kanti: ja mai duhu kamar tsohon tulu, fari mai ɗan rawaya, toka mai ɗumi.

Nafi'u kuwa, bayan ya sha kunyar kalanda, ya zauna ya yi tunani a kan maganar, ya gano wani abu dabam. Zanensa na farko ya nuna ƙauye kamar yadda baƙo ke hangensa daga nesa, kuma ba wanda ya taɓa ganin garinsu haka. Mutum daga ƙofar gidansa yake ganin gari. Sai ya tambayi Ladidi inda Baba ke zama da safe, ta ce a dokin ƙofar zaure, kan buzu, yana fuskantar gabas. Ya shimfiɗa tabarma ya zauna a ƙasa, ya yi zanen duka daga zaune, don komai ya zo daidai idon mutumin da ke kan buzu. A gefen dama ya bar bakin ƙofar zauren ya shigo cikin zanen, duhu-duhu. Bai sa mutum ko dabba ba, don ya san tsohon ba ya son hoton mai rai. Ya danne hannunsa, duk inda launi ya nemi ɗaga murya ya kashe shi da tokar nan. Ya yi ta shafawa yana kankarewa har yatsunsa suka tsage. Labarin Ladidi a baki yake, ƙasar Ɗayyabu a kwano take, hannun nan ne ya mayar da su abin da ido zai gani.

Ranar da aka kai zanen, tsohon ko zama ba ya iya yi sai an tallafe shi. Nafi'u ya hana a rataye, ya ce a ajiye a ƙasa, a sauko da Baba kan buzu. Aka yi haka. Malam Barmo ya daɗe yana kallo. Idonsa ya bi hanyar rijiya, ya tsaya a kan gawo, ya gangaro hagu inda wani ɗan shuɗi koɗaɗɗe ke rataye a danga, ya daɗe a nan. Sannan ya miƙa hannu ya shafa jan tudun, ya duba yatsansa, ya sake shafawa.

Ya ce, "Gawo ya yi tofo. Ashe sanyi ya shigo." Sannan ya ce, "Yau ba a dama kunu ba ne a gidan nan?"

Ya sha kunu ran nan, washegari ya ci tuwo. Ya ga ƙarshen wannan sanyin, ya ga wasu bayansa, kullum da safe yana kan buzunsa gaban zanen yana jan carbi. Da ajalinsa ya matso, a gaban maƙwabta, ya nuna zanen da hannu ya ce, "Wannan na wanda ya mayar da ni gida ne." Aka ce, "Wa ke nan, Malam?" Ya yi murmushi ya rufe ido, bai ƙara cewa komai a kai ba har Allah ya karɓi abinsa.

Bayan an share makoki aka raba gado lafiya, ba wanda ya ɗaga wa wani murya. Sai zanen. Liman ya ce hanya mai sauƙi ita ce a sayar a raba, su ukun suka ce ba ya sayuwa. Ba ya kuma yankuwa uku. Suka amince a bi maganar Baba. A nan aka tsaya.

Masu goyon bayan Ladidi suka ce ƙauyen a kanta kaɗai ya rage a duniya, ba don ita ba da wata kalandar aka sake yi. Suka ƙara da cewa shirun da tsohon ya yi ma shaida ce, don mutumin da bai taɓa kiran sunan 'yarsa ta fari ba tun haihuwarta, saboda kunya, ba a bakin mutuwa zai fara ba.

Masu goyon bayan Ɗayyabu suka ce "wanda" tsohon ya ce, bai ce "wadda" ba. Kuma a duk abin da ke jikin ƙyallen nan, abu ɗaya ne ya fito daga Kwarin Gawo da gaske, shi ne ƙasar, ita kuma tsohon ya taɓa kafin ya nemi kunu. Sauran biyun baki da hannu suka bayar, shi ransa ya kai bakin ruwa.

Masu goyon bayan Nafi'u suka ce ai shi ma namiji ne, "wanda" ba ta tsallake shi ba. Shi ya fara kawo shawarar, shi ya zaunar da tsohon a ƙofar zaurensa. A kai wa mara lafiya labari da buhun ƙasa a gani ko zai sha kunu.

Zanen yana nan jingine a ɗakin marigayin, an rufe shi da mayafi, kowanne a cikinsu yana da maɓallin ɗakin, ba wanda ya ɗauka.

To, ga ku ga shi. Mai tunawa, da mai ɗebo ƙasa, da mai zanawa: wane ne a cikinsu ya mayar da Malam Barmo gida?