Ƙanzon da ya ceci iri

Akwai wani manomi da matarsa, suna da 'ya'ya biyar. Babbar cikinsu sunanta Afiniki, shi ya sa duk gari ake kiran su Baban Afiniki da Maman Afiniki. Ba masu arziki ba ne, amma a shekarar nan da nake faɗa Allah ya yi wa gonarsu albarka. Dawa ta yi kyau, rumbu ya cika har sai da aka danna dammunan ƙarshe da ƙafa.

Ita matar, hannunta bai iya zubar da abu ba. Idan ta gama girki, sai ta janye sauran itacen daga murhu, ta yayyafa masa ruwa, gobe shi zai fara hura wuta. Rigar da ta matse wa babba sai ta koma jikin mai bi masa. Amma abin da aka fi sanin ta da shi ƙanzo ne. Kullum idan ta kwashe tuwo, kowa ya ci ya ƙoshi, sai ta kankare abin da ya kama a gindin tukunya, ta shanya a faifai har ya bushe ƙarau.

Wannan abu yana ƙona wa maigidan rai. Wata rana ya shigo da baƙi, suka tarar da faifan ƙanzo a tsakar gida. Da baƙin suka tafi, ya ce, "Maman Afiniki, so kike a ce ba na ciyar da ku? Rumbu cike, ke kuma kina bin gindin tukunya kamar gidan da aka yi gobara!"

Ta ce, "Baban Afiniki, wannan ma dawarka ce. Da guminka aka nome ta."

"Ba wa kaji."

"Kajin nan da suka fi ka ƙiba?"

Yara suka rufe baki suna dariya. Shi bai yi dariya ba. Ya ɗauki faifan ya watsar, kaji suka rufa a kai. Ya ce, "Idan dole sai kin yi, yi inda idon mutane ba ya kaiwa."

Ta ce, "To."

Daga ranar ta koma shanya a bayan ɗaki. Idan ya bushe, sai ta zuba a tsohon tulu, ta jefa busasshen barkono a ciki saboda ƙwari, ta rufe da ƙoƙo. Wannan tulu ya cika, ta nemo wani.

Shi kuwa maigidan, ga yadda yake duba rumbunsa: sai ya hau tsani, ya ɗaga jinka, ya leƙa daga sama. Idan ya ga dammuna a jere, sai ya zaro ɗaya ya sauko da farin ciki. Bai taɓa zagayawa ya duba ƙasan rumbun ba. Ashe gara ta gina hanya ta hau ta gindi, tana cin abinta shiru, wata da watanni.

Rani ya wuce, hadari ya fara haɗuwa. Wata safiya ya shiga cikin rumbun don ya ɗauko dami, sai ƙafarsa ta nutse har gwiwa. Ya sa hannu ya damƙo, bai damƙo kome ba sai ƙasa da ƙaiƙayi. Abin da suka tsince mai kyau, kwana tara suka yi suna ci, ya ƙare. A rana ta goma ruwan shuka ya sauka.

To, a ɗakin girki akwai irin shuka, zangarniyar gero da ta dawa, an rataye su a sama inda hayaƙi yake tsare su daga ƙwari. Kowane manomi ya san ba a taɓa iri. Wanda ya ci irinsa ya ƙoshi mako guda, ya yi yunwar shekara. Amma autansu yana kuka tun asuba, sauran huɗun sun zauna jikin bango, sun gane abin da ake ciki. Mutumin nan ya tsaya ya dube su. Sai ya shiga ɗakin girki, ya miƙa hannu ya kwance irin, ya ajiye kusa da turmi.

Ya ce, "Sussuka ki daka."

Ta ce, "Me za ka shuka gobe?"

"Ban sani ba. Ba zan tsaya ina kallon su haka ba."

"Mayar da shi inda ka same shi, Baban Afiniki. Zo ka gani."

Ta kai shi ɗan ɗakin da take ajiye tarkace. Ta janye tsohuwar tabarma, sai ga tuluna bakwai a jere jikin bango. Ta buɗe na farko, ta kama hannunsa ta cusa a ciki. Ƙanzo ne, busasshe, yana ƙara a tafinsa. Ya buɗe na biyu da kansa, ya buɗe na uku. Bai kai na huɗu ba ya zauna a ƙasa.

Da ƙyar ya ce, "Duk wannan daga gindin tukunya?"

Ta ce, "Ban da wanda ka ba kaji."

Ran nan ta jiƙa ƙanzo, ta yi kwaɗo da ƙuli-ƙuli da gishiri, yara suka ci har suna lashe kwano. Washegari ya ɗauki irinsa, dukan gidan suka fita shuka.

Kada ku ɗauka sauƙi aka sha. Ruwa ya fito da tafasa da rama, ta riƙa haɗawa don abincin ya yi auki. Wata rana kwaɗo, wata rana ta daka ta dama kunu. Shi ma maigidan yakan je ƙodago a gonar wasu kwana biyu a mako, ya dawo da mudu ɗaya ko biyu. Ya rame, wandonsa sai da ya ƙara masa igiya. Amma ko sau ɗaya yaro bai kwana da yunwa a gidan ba. Tulu na farko ya ƙare, na biyu ya ƙare, gero yana tashi a gona. Aka buɗe na shida gero ya fara fitar da kai.

Ranar da aka kai ƙarshen na bakwai, Afiniki ta kife tulun a kan faifai, ta bubbuga gindinsa. Ɗan abin da ya zubo bai cika tafi biyu ba. Ta ce, "Mama, shi ke nan fa." Uwar ta karɓi faifan.

Suna nan tsaye sai ga maigidan ya shigo daga gona, ya rungumo zangarniyar sabon gero. Ya ce, "Ku hura wuta, gero ya isa tumu!" Sai idonsa ya faɗa kan tulun da yake kife. Ya dubi tulun, ya dubi abin da yake hannunsa.

Ya ce, "Maman Afiniki, yaya kika yi kika auna shi daidai da yau?"

Ta ce, "Ni? Ni ban auna kome ba. Kankarewa kawai na yi. Wanda ya auna yana sama."

Suka durƙusa a tsakar gida, su da 'ya'yansu, suka yi godiya ga Allah. Tun daga shekarar, a tsakiyar gidan ake shanya ƙanzo, baƙo ya gani ko kada ya gani.

Ma'anar misalin nan, 'ya'yana, ga ta. Rumbu shi ne abin da yake shigo muku, ko albashi, ko amfanin gona, ko ribar sana'a. Muna leƙa shi daga sama mu ce akwai, ba mu san abin da yake ci ta ƙasa ba. Ciwo yana zuwa, tsada tana zuwa, aiki yana tsayawa, ba wanda yake aiko da saƙo. Irin shuka kuwa shi ne goben 'ya'yanku: makarantarsu, ɗan filin nan, keken ɗinkin da ake ci da shi. Gidan da ba ya tara ƙanzo, ranar wahala irin yake dakawa.

Ƙanzon fa? Shi ne ƙananan abubuwan da muke jin kunyar tattalawa. Ina ganinku. Shinkafar jiya ku zubar a kwata don kada maƙwabciya ta ce kuna cin ɗumame. Tumatir yana araha ba ku yanka kun shanya ba, sai ya yi tsada ku zo kuna ƙorafi a bakin coci. Kowace safiya a ba yaro kuɗin biskit, alhali ga gyaɗa a gida. Yarinya ta fi ƙarfin takalminta, ga ƙanwarta nan, amma sai an sayo sabo saboda idon mutane. Ranar da rumbu ya rufta, idon mutanen nan ba zai kawo muku ko ludayin kunu ba.

Amma ku ji ni da kyau, ban ce ku yi rowa ba. Matar nan ba ta taɓa rage tuwon yaro don ta cika tulu ba. Sai kowa ya ƙoshi take kankarewa. Wadda take hana 'ya'yanta ci ta ce tattali take yi, ta je ta tuba. Ku maza kuma, kada ku raina hannun da yake tattala muku gida.

Abin da yake ba ni tsoro mai daɗi shi ne wannan. Ubangijinmu, ranar da ya ciyar da dubban mutane a jeji, shi da zai iya yin sabuwar gurasa duk lokacin da ya so, sai da ya sa aka bi ƙasa aka tsince ragowar. Idan shi bai raina gutsure ba, ke wace ce? Matar nan ba ta san gara tana rumbu ba. Allah ya sani. Tun tana sunkuye a kan tukunya, mijinta yana mata faɗa, Allah yana shirya abincin damina ta hannunta, har ya kai shi daidai ranar tumu.

Saboda haka, 'yata, yau idan kin kwashe tuwo, kafin ki zuba wa tukunyar ruwa, sunkuya ki leƙa gindinta. Ba ki san ko abincin wace rana Allah ya ajiye miki a wurin ba.