Balbela da Bijimin Turke

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta da kyau.

Balbela ba ta manta ranar da ta fara ganin Bijimi ba. Yana ɗaure a turke shi kaɗai, kaska ta cika masa wuya. Ita ma ba ta da kowa, sai ta sauka a bayansa.

Kullum ta cire masa kaska, ta taje masa gashi da baki. In an wanke shi, ta yi masa fifita da fukafukai har ya bushe, yana sheƙi.

Ran nan mahauci ya zo, ya shafa gashin, ya ce wannan yake so.

Balbela ta ce, "Wayyo Yaya, gyarana ne ya jawo maka! Bari in shafe ka da taɓo."

Bijimi ya ce, "A'a ƙanwata, ƙara taje ni. Wanda ya gan ni a hanya ya san ina da mai kula da ni."

Ta taje shi tsaf. Da aka ja igiya, ta ɗaga murya: "Na yi alkawari, ba zan ƙara barin saniya ta tsaya ita kaɗai ba!"

Har gobe tana bin shanu.

Ƙurunƙus, kan kusu ya faɗa toka.