Tsinken Awon Ƙafar Tabita

Akwai wani mutum, magini, wanda ya sami aiki a wata ƙasa mai nisa. Ran da zai tashi, ya zaro tsinken tsintsiya, ya auna ƙafar 'yarsa Tabita, ya karya shi daidai tsawonta, ya adana.

Kowace Kirsimeti sai ya ɗauki tsinken ya tafi kasuwa, ya sayi takalmi daidai da shi, ya aika gida. Abin cefane ma, yadda ya yanka tun farko haka ya bar shi. Har cika baki yake yi a gaban abokan aiki, wai shi bai taɓa fashin aike gida ba. Matarsa kuwa, don kawaici, ba ta cewa komai sai, “Saƙo ya iso, mun gode.”

Ana nan sai wani ɗan garinsu ya zo masa da tsarabar kuka da daddawa daga matar. A cikin ƙullin ya tarar da wani dogon tsinke.

Ya ce, “Wannan fa?”

Baƙon ya ce, “Ƙafar Tabita ke nan. Takalman da kake aikowa, yaran maƙwabta ke yawo da su. Ita da silifas ɗin mamanta take zuwa makaranta.”

Mutumin ya jera tsinkayen biyu a tafin hannunsa. Kunya ta kama shi, amma murna ta fi ƙarfinta. Ya yi dariya har da hawaye, ya ce, “Ashe 'yata ta girma! In ƙafa ta ƙaru haka, ai ciki ma ya ƙaru.”

A ranar ya kira gida, ya tambayi abinci, da makaranta, da magani, ya ƙara abin da yake aikawa. A Kirsimetin shekarar, Tabita ta taka rawa a coci da takalmi daidai ƙafarta, har sai da mamanta ta janyo ta.

Ma'anar wannan misali ita ce: tsohon tsinken nan shi ne yaron da ka bari a gida, wanda har yanzu kake gani a zuciyarka. Uba ko uwa da ke aiki a waje, haƙƙin 'ya'yanku yana girma tare da su. Ubanmu na sama ba ya ciyar da mu da awon bara, kowace safiya yana duba bukatarmu ta ranar. Kada ka jira a aiko maka da tsinke. Kira gida yau, ka tambayi tsawon ƙafar.