Ranar da Baba Irmiya Ya Bar Zauren Kafintoci

An yi wani kafinta a wani gari, sunansa Irmiya. Da ƙarfin hannunsa ya fara raguwa, sai ya buɗe zaure a waya, wato dandalin hira, domin masu aikin katako. Da mutum bakwai aka fara. Kafin shekara tara sun haura ɗari biyu, daga garuruwa dabam dabam, kuma yawancinsu ba su taɓa ganinsa ido da ido ba. Muryarsa kawai suka sani.

Shi ne mai kula da zauren. Shi ke shigar da sabon zuwa, shi ke tsawatarwa idan gardama ta yi zafi. In wani ya turo hoton kujerar da ta karkace, mutane suka fara dariya, sai Baba Irmiya ya ce, "Juya mini ita in ga ƙasanta." Daga nan ya nuna masa inda awo ya kuskure, ba tare da ya kunyata shi ba.

Ana nan sai idanunsa suka fara dushewa. 'Yarsa ta ce za ta tafi da shi ƙauyensu a bayan dutse, inda waya ba ta kamawa. Wata safiya ya aiko da saƙon murya, ya ce, "'Ya'yana, ba na iya ganin hotunanku kuma. Ranar Asabar zan tafi gida. Na bar zauren a hannun Filibus. Ku riƙe juna."

Da suka ji haka, suka yi baƙin ciki ƙwarai. Waɗansu suka roƙe shi ya zauna ko da ba zai ce kome ba. Ya ce ba zai yiwu ba. Sai kowa ya shiga turo hoton abin da ya fara yi da shawararsa, wannan tebur, wancan ƙofa, wani kuma gadon jariri. 'Yarsa tana dubawa tana faɗa masa, shi kuwa yana sa musu albarka ɗaya bayan ɗaya. Ranar Asabar da hantsi ya fita daga zauren.

Filibus, wanda aka bar wa zauren, kafinta ne mai shekara arba'in, gwani ne kuma a aikinsa. Amma tun daga ranar nan bai sāke cewa uffan a zauren ba. Yakan kunna tsofaffin saƙonnin Baba yana ji yana yanka katako, in sun ƙare ya koma farko. Sauran ma haka. In wani ya yi magana, ba ta wuce, "Ina ma Baba yana nan."

A cikin wata na biyu wata mace ta shigo, sunanta Damaris. Mijinta ya rasu ya bar mata shagon kafinta, ita kuwa ta ƙudura ba za ta rufe shi ba, gama da shi take ciyar da 'ya'yanta. Ta karɓi aikin bencuna na wata makaranta, sai ga katakon yana tsagewa bayan an gama haɗawa. Ta turo hoto, ta ce, "Don Allah, iyayena da yayyena, me nake yi ba daidai ba?"

Filibus ya san amsar. Ya rubuta, sa'an nan ya goge, yana cewa a ransa, "Wane ni in zauna a mazaunin Baba?" Kowa ya ga tambayarta, kowa ya yi shiru. Bayan kwana huɗu Damaris ta fita daga zauren.

Kewa ta ishi Filibus, ya rufe shago, ya shiga mota ya nufi ƙauyen. Ya tarar da wani tsoho ɗan ƙanƙane zaune a gindin mangwaro, yana gyara ƙotar fartanya da lalube. Da Filibus ya yi gaisuwa, tsohon ya ɗaga kai ya ce, "Filibus ke nan. Matso in taɓa ka."

Ya tambayi mutanen zaure da sunayensu, har da wanda zarto ya yanke wa yatsa bara. Can ya ce, "Wa ya shigo sabo?" Filibus ya sunkuyar da kai ya ba shi labarin Damaris.

Baba ya ajiye ƙotar. "Ka san abin da ya sami katakon?"

"Ɗanye ne, Baba. Ba a bari ya bushe a inuwa ba."

"Wa ya koya maka?"

"Kai ne."

"To, da ka faɗa mata, ai ni na faɗa."

Filibus ya ce, "Baba, ba kamar kai ba ne. Muna kewarka."

Tsohon ya ce, "Ni ma haka, ɗana. Kullum da safe hannuna yakan nemi waya, sai in tuna. Amma ban koya muku shekara tara don ku zauna kuna jirana ba. Je ka nemi yarinyar nan."

Filibus ya yi kuka, ya yi masa sallama. A hanya, da mota ta hau kan dutse waya ta kama, ya nemo lambar Damaris ya kira ta, ya roƙi gafara. Ta ce rabin bencunan sun riga sun lalace. Ya nuna mata yadda za ta ceci sauran, ta kuwa cece su, ta kuma komo zaure. Baba Irmiya bai sāke komowa ba, Filibus kuma bai daina kewarsa ba.

'Yan'uwa, ga ma'anar wannan misali. Tsohon kafintan nan yana tuna mana da Ubangijinmu, wanda ya zauna da nasa, ya koya musu, sa'an nan ya koma sama suna kallo. Zauren nan ikilisiya ce. Filibus kuwa ni ne da kai. Damaris ita ce duk wanda ya shigo cikinmu da damuwarsa, ya tarar kowa ya yi shiru.

Kewa ba zunubi ba ce. Wanda yake ƙaunar Ubangiji dole ya yi marmarin ganin fuskarsa. Waɗansunku kuma suna kewar faston da aka yi wa canji, ko dattijon da ya koma gida, ko uwar zumuntar mata da ta riga mu barci. Na sani, domin ni ma akwai wanda har yau nakan waiwaya in dubi wurin zamansa in mun tashi waƙa. Amma Filibus ya bar kewa ta rufe masa baki, bencunan gwauruwa kuwa suka lalace.

A nan misalin ya gaza gaskiyar. Baba Irmiya ya tafi inda ba a jinsa, bai kuwa komo ba. Ubangijinmu bai bar mu haka ba. Ya ba mu Ruhunsa, yana jin mu, ya kuma yi alkawari zai komo. Har ranar nan ta zo, za mu ci gaba da marmarinsa. In an tashi sujada yau, kada ka yi saurin fita. Akwai wanda ya zo da tambaya a zuciyarsa, kai kuwa an riga an koya maka amsar.