Kwana Arba'in Malam Gwadabe Bai Zo Fada Ba

Masu ba da labari sun ce a Birnin Tsamiya an yi wani sarki mai suna Barau, wanda ya gaji ubansa yana ɗan shekara talatin. Tun ranar naɗi jama'a ke tururuwar mubaya'a, amma mutum ɗaya da idonsa ke nema a cikin taro bai zo ba. Shi ne Malam Gwadabe, wanda ya koya masa karatu, ya kuma goya shi ranar da mahaifiyarsa ta rasu.

Da aka cika kwana arba'in, Galadima ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Ranka ya daɗe, daga ƙauyen Malam zuwa fada tafiyar yini guda ce. Bai zo ba, bai aiko ba. Ashe zuciyarsa na tare da ɗan'uwanka da ya nemi sarautar ya rasa. A karɓe gonar da marigayi ya ba shi, a fitar da shi daga ƙasar."

Sarki ya juya maganar, bai ga inda take yoyo ba. Ya ce gobe da hantsi zai yanke hukunci. Bayan la'asar ya shiga gaida gwaggonsa, Magajiya Tabawa, ya same ta tana kaɗi. Ta kawo fura, bai taɓa ba. Da ta matsa, ya gaya mata kome.

Ta ajiye mazarinta ta ce, "Ɗana, tukunya ba ta zama a kan dutse biyu. Galadima ya nuna maka biyu: bai zo ba, bai aiko ba. Ina na ukun da ya ɗora maganarsa a kai? Gyara zama ka ji abin da ya sami Nomau falke."

Sarki ya ce, "Ina saurare, Gwaggo."

Magajiya ta ce: An yi wani falke, Nomau, da ya tashi tafiya Gwanja sayen goro. Ran da zai fita, shi da matarsa Hakama suka tsaya gindin giginyar da ke tsakar gidansu. Ta dafa ta ta ce, "Muddin wannan na tsaye, ina nan ina jiranka." Tafiya ta yi tsawo, ciwo ya kwantar da shi a hanya, sai da ya shekara huɗu. Da ya dawo ya tarar an toshe ƙofar gida da ƙaya. Ya leƙa ta kan danga, babu giginya, sai kututture. Ya ce a ransa, "Ta sare alkawari, ta tafi." Bai tambayi kowa ba, ya juya jakinsa.

A bayan gari ya tsaya shan ruwa wurin wani tsoho maginin rijiya, ana ce masa Baba Cindo. Tsohon ya ga ransa a ɓace, ya tambaye shi, ya ji labari. Ya ce, "Samari, kafin ka ƙara taku ɗaya, bari in ba ka labarin ɗan barewa da hankaka."

Baba Cindo ya ce: Wata barewa ta haihu, ta kwantar da ɗanta cikin ciyawa, ta yi nisa tana kiwo. Hankaka ya sauka kusa da shi ya ce, "Kai marayan Allah! Tun safe nake kallon uwarka. Tana can gefen fadama, ko waiwayowa nan ba ta yi. Ta yar da kai." Ɗan barewa ya ɗaga kai, ya ga lalle tana nesa, lalle ba ta waiwayo. Ya miƙe yana kuka. Dila da ya yini yana lura da idon uwar, ko zai gane inda ta ɓoye ɗanta, ya ji kukan, ya sheƙo. Uwar ta yanko ta gabansa tana ɗingishin ƙarya, ta ja shi har bakin dutse, ta dawo da tsage a cinya. Ta lashi kan ɗanta ta ce, "Da na dube ka sau ɗaya, da na nuna masa kai."

Baba Cindo ya ce, "Ka gani, hankaka bai yi ƙarya ba ko ɗaya. Abin da ya haɗiye bai faɗa ba shi ne, wai duk mai sonka sai ya tsaya kusa da kai. Kai kuma ka ga kututture. Wa ya gaya maka dalilin saran?"

Nomau ya koma cikin gari, ya bi ta gidan mahaifiyarsa. Ya tarar da ɗaki mai sabon rufi, Hakama na zaune bakin ƙofa tana ba tsohuwar kunu a ludayi. Ashe damina ce ta rusa ɗakin, babu mai ba su azara, Hakama ta sa aka sare giginyar aka rufa wa uwarsa ɗaki, ta tare can tana jinyarta. Da ta gan shi ta ce, "Ga giginyarmu can, a bisa kan Inna." Nomau ya zauna a ƙasa.

Magajiya ta ɗauki mazarinta ta ce, "Zato zunubi ne, ko da ya zama gaskiya. To, ɗana, me Galadima ya haɗiye?"

Sarki ya jawo furar, ya kurɓa. Sa'an nan ya ce, "Ya ɗauka Malam na da ikon zuwa ya ƙi. Ya kuma ɗauka ba abin da ke hana mutum aike sai ƙiyayya. Ni ma na ɗauka tare da shi, don raina ya sosu."

Ta ce, "Mai yiwuwa ne Galadima ya yi daidai, ni ban sani ba. Amma mai tambaya ba ya ɓata."

Washegari ba a yi zaman fada ba. Sarki ya fita da asuba da mutum biyu kacal, suka isa ƙauyen rana na shirin faɗuwa. Ya sauka nesa da gida, ya taka da ƙafa. Malam Gwadabe na zaune kan buzu a ƙofar zaure, idanunsa sun yi fari fat, yana lalube yana neman carbinsa da ya faɗi.

Tun Sarki bai yi sallama ba, tsohon ya karkata kunne ya ce, "Barau ne? Har yanzu kana jan ƙafar hagu."

Sarki ya durƙusa, ya ɗauki carbin ya sa masa a hannu, ya ce, "Malam, me ya hana a gaya mini?"

Malam ya ce, "Ni na hana. Na san halinka. Da ka ji, da ka baro mutane a fada ka taho, ga gadon sarauta bai gama zaunuwa ba. Na ce a bari sai ka huta." Ya miƙa hannu yana shafa rawanin, har ya kai ga fuska, ya ji ta jiƙe. Ya ce, "A'a, sarki da kuka?"

Sarki ya ce, "Wata magana na kusa yankewa ban tambaya ba, Malam. Na gode Allah da ya sa na tambaya."