Bakin Buhun da Ba a Kwance Ba

An yi wani mutum a ƙasar nan tamu, ɗan wani ƙauye ne kusa da Bungudu, amma a Gusau yake zaune. Ba zan faɗi sunansa ba, don yana da 'ya'ya, su kuwa ba su yi mana laifin komai ba. Sana'arsa hatsi. Yakan sayi gero da dawa da wake a ƙauye, ya kai kasuwa. Mai salla ne, mai fara'a a waje. In ya ɗaure bakin buhu, ƙarti biyu sai su yi gumi ba su kwance ba, kuma har alfahari yake yi da ƙullin nan nasa.

Mahaifiyarsa, Inna Delu, tana can ƙauye. Bakwai ta haifa, shi kaɗai ya rage mata. Mijinta ya rasu, idanunta sun mutu. Maƙwabciyarta Wasila ce ke kawo mata tuwo da fura. Ɗan nata ba ya zuwa sai ranar da zai ɗebi kaya a ɗakin ajiyarsa da ke jikin ɗakinta. Ya gaishe ta a gurguje, ya ajiye mata goro da sabulu, ya hau babur.

To wa ke zama da ita? Wata mage ce, fara mai baƙin kunne ɗaya. Tsohuwar ta sa mata suna Auta. In Inna Delu ta fito shan hantsi, Auta na kan cinyarta. In za ta alwala, Auta na gaba tana kuka, tsohuwa na bin kukan har wurin buta. Da ita take hira, ita take yi wa faɗa, kuma duk abin da aka kawo mata sai ta raba biyu, ta sa rabi a wani ƙaramin kwano a bayan ƙofa. Shi kuwa ɗan nata, abin haushi yake ba shi. Yakan ce a ransa, ga shi da rai da lafiya, wai mage ce auta.

Wata rana ya zo da abokan kasuwancinsa biyu. Aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ya buɗe balangun da ya sayo a hanya. Auta kuwa ba ta daɗe da haihuwa ba, 'ya'ya uku take shayarwa a ƙarƙashin gadon tsohuwa, yunwa na cin ta. Ta lallaɓo ta ɗauke tsoka ɗaya ta gudu. Baƙin suka kwashe da dariya, ɗaya ya ce, "Alhaji, ashe ƙanwar taka ba ta jiran a ce bismilla."

Tsoka ɗaya, ya 'yan uwa. Ba ta kai girman yatsu biyu ba. Amma dariyar nan bai manta da ita ba.

Kun san yadda mutanenmu ke yi in sun gaji da mage. Ana sa ta a buhu don kada ta ga hanya, a kai ta nesa, a sake ta kusa da wani gari inda za ta sami masu ba ta abinci. Ban ce abin kirki ba ne, amma ko masu yin sa suna kwance bakin buhun. Ranar kasuwar Tsafe mutumin nan ya yi sammako ya zo ƙauye. Tsohuwa na cikin ɗaki tana lazimi. Ya cafke Auta a bakin randa, ya cusa ta a buhun gero, ya yi mata ƙullin nan nasa, ya ɗaure a bayan babur. Ya ratsa Gusau, ya miƙi hanyar Tsafe, buhu na motsi a bayansa.

Da ya yi nisa ya tsaya a gindin wani kalgo. Ya kai hannu zai kwance, sai ya tuna tana iya yagar masa hannu, ga kasuwa na ci ba shi. Ya jefa buhun cikin sabara yadda yake, ya tafi. Ranar ya yi ciniki mai kyau, har ya yi sadaka a bakin masallaci.

Da ya komo ƙauye, tsohuwa ta ce, "Ina Auta ta tahi?"

Ya ce, "Inna, kin san halin kyanwa. Yawo ta tafi, za ta dawo."



'Ya'yan magen suka kwana uku suna kuka. Tsohuwa ta riƙa lalubo su, tana tsoma yatsa a nono tana sa musu a baki. Suka mutu ɗaya bayan ɗaya, Wasila ta fitar da su. Daga nan kullum da la'asar sai a ji Inna Delu a bakin ƙofa tana "mus, mus", har muryarta ta dushe. Ba ta daina raba abincinta ba. Da rana takan sa rabin dawon furarta a kwanon bayan ƙofa. In la'asar ta yi ta lalubo ta ji yana nan, sai ta dama ta sha, don ita a wurinta ba a zubar da abinci. Duk maƙwabta sun san tana yin haka. Ɗanta ne kaɗai bai sani ba, don bai taɓa zama da ita daga azahar zuwa la'asar ba.

Da mage ta bar gida, ɓeraye suka samu sake. Suka huda buhuna, suka ɓata wake, suka shiga har ɗakin tsohuwa. Mutumin ya ga ɓarna, ransa ya ɓaci. Ya sayo shinkafar ɓera a Gusau, ya murtsuke ta cikin dawo, ya leƙa ɗakin uwarsa lokacin tana bayan gida. Ya ga kwano a bayan ƙofa, inda ɓeraye ke bi. Ya ce a ransa ai mai kwanon ba ta nan, ya sa dawon a ciki. Ya yi niyyar faɗa wa Wasila, sai waya ta yi ƙara, wai motar kayansa ta iso. Ya hau babur ya tafi.

La'asar ta yi. Tsohuwa ta kira Auta, ba ta zo ba. Ta lalubi kwano.

Wasila ce ta same ta a ƙasa. Aka kai ta asibiti, aka kira ɗanta. Ya zo a guje ya tarar an yi abin da za a iya, saura na Allah. Ya durƙusa a bakin gadon yana kuka kamar ƙaramin yaro, yana cewa, "Inna, ni ne, ni na sa, ban sani ba, ki yafe mani."

Ta lalubo kansa ta dafa. Ta ce, "Wanga ba da niyya ka yi ba, na yahe maka. Amma idona ne ya mutu, ba kunnena ba. Ranar nan na ji kukan Auta cikin buhu. Na yi shiru don kada in kunyata ka. Abu guda nika son ka hwaɗa mani. Da ka kai ta can, ka kwance mata bakin buhun?"

Ya sunkuyar da kai ƙasa. Ta jira. Ta jira. Sannan ta janye hannunta daga kansa, ta juya fuskarta bango. Kafin magariba ta cika.

Bayan addu'ar uku ya hau babur shi kaɗai ya koma gindin kalgon nan. Buhun na nan cikin sabara, rana ta cinye launinsa. An yayyaga shi daga ciki, amma ramin bai isa fita ba. Ƙullin kuwa yana nan daram.

Tun daga ranar bai ƙara zama mutum ba. Shago ya rufe, iyali suka koma wurin dangi. Masu zuwa kasuwar Tsafe sun san shi. Yana bi layi layi, duk buhun da ya gani a ɗaure sai ya durƙusa ya kama kwancewa, hatsin mutane na zuba, ana kora yana kuka.

Ya 'yan uwa, mutumin nan bai yi sata ba, bai bar salla ba. Rai ɗaya ya raina, don ba ta da bakin kai ƙara. Wa ya gaya mana ba ta da mai ji mata? Wanda ya halicce ta yana ji, kuma zai tambaya. Kai da jakinka ke ɗaure a rana, ka ba shi ruwa yau? Kai da tsohuwarka ke hira da dabba don ba ta da kai, yaushe rabonka da ka zauna da ita har la'asar? Ka tashi ka kwance abin da ka ɗaure tun hannunka na iyawa.

Allah ya jiƙan Inna Delu, ya sassauta wa ɗanta. Allah ya sa tausayi a zukatanmu ga mai magana da marar magana, ya kiyaye mu da tambayar da ba mu da amsarta. Amin.