Jan Zare Mai Ƙulli Uku

Akwai wani yaron kirki amma mai ɗan ɗaga kai a Gwaram, sunansa Abdurra'uf. Wata huɗu kenan da aka rantsar da shi lauya, rigarsa ma ba ta saki ƙamshin shago ba.

Shari'arsa ta farko ta gida ce. Kawunsa Malam Sabo na Kwandiko, wanda ya riƙe shi tun rasuwar ubansa, yana da gona guda ɗaya tak ta gado. Shekaru ashirin da suka wuce mahaifin Malam Sabo ya ba wani maƙwabci aronta. Yanzu ɗan maƙwabcin, Alhaji Ɗanbala mai motocin haya, ya ce gona ta zama tasu tunda sun daɗe suna nomanta ba wanda ya tanka. Ya ɗauko lauya tun daga Kano. Kotu ta hana kowa shiga gonar, ga damina ta sauka, ga zama ranar Alhamis.

Abdurra'uf ya tuna an taɓa faɗa musu a aji cewa manyan alƙalai sun yanke hukunci, aro ba ya zama mallaka komai daɗewa. Amma wace shari'a ce, a wane littafi take, ya manta. Katinsa na ɗakin karatun makaranta ya mutu tun ranar da ya gama. Waya kuwa ya laluba har ta yi zafi, bai samu ba.

Sai aka yi masa kwatancen gidan marigayi Lauya Balarabe a Birnin Kudu, wanda ya bar ɗaki guda cike da littattafan hukunce-hukunce. Makullin yana ɗaure a bakin zanen matarsa, Hajiya Indo. Mutanen Kano sun zo sayen littattafan har sau uku, ta ba su ruwa suka sha, ta sallame su.

Ranar Litinin ya iso cikin kwat. Ya tarar da tsohuwa a soro tana ɓarar gyaɗa, ya yi sallama a tsaye, ya tambayi wanda ke kula da littattafai.

Ta dube shi tun daga takalmi har wuya. "Ɗan wane ne kai da ba a koya maka durƙuso ba?"

Ya ɗan rusuna, rabi da rabi. Ta zayyana masa sharuɗɗanta: takalmi a waje, littafi ba ya ƙetare bakin ƙofa, ana kiran la'asar za ta kulle, sannan zaren da zai gani a jikin littattafai kada ya taɓa. Ya nemi ta bar shi ya tafi da biyu gida, ta ce ko bango ɗaya. Ya ce to zuwa magariba. Ta ce la'asar, in bai yi masa ba hanyar Gwaram ba a rufe take ba.

Ta buɗe masa ɗakin. Littattafai tun daga ƙasa har rufi, kusan duk kamarsu ɗaya. Waɗanda ke nuna inda kowace shari'a take kuma gara ta cinye su tun bara. Daga saman littattafan zarurruka ne ke reto, ja da kore da baƙi.

Hajiya Indo ta tsaya a bakin ƙofa ta tambaye shi wace irin shari'a ce ta kawo shi.

"Inna, wannan harkar Turanci ce," ya ce, ko juyowa bai yi ba. "In da ruwan sanyi dai a taimaka min."

Ta kawo ruwan, ta koma kan gyaɗarta.

Litinin ta wuce bai samu komai ba. Talata ya dawo idanu jajur. Wajen azahar ya gane cewa shari'un gona sun fi yawa a kantar da ke kusa da taga, amma duk littafin da ya jawo sai zare ya sarƙe da na kusa da shi. Haushi ya kama shi, ya bi kantar nan ya zare su ɗaya bayan ɗaya ya watsar a ƙasa.

Da la'asar ta shigo kullewa ta gani. Ta sunkuya da ƙyar ta tsince su, ta ƙulle a gefen mayafi. Ba ta ɗaga murya ba. Cewa kawai ta yi ya ɗauki jakarsa, kuma kada ya wahalar da kansa gobe.

Da ya koma gida ya tarar Kawu Sabo ya zo daga Kwandiko a kan babur, yana zaune a ƙofar gida. Tsohon bai tambaye shi komai ba, sai labari yake ba shi cewa geron maƙwabta ya kai idon sawu, shi kuma irinsa na nan a rataye. Abdurra'uf ya kasa haɗa ido da shi.

Laraba tun hantsi yana soron Hajiya Indo, babu kwat, babu takalmi, gwiwa biyu a ƙasa. Ta bar shi a nan. Ta gama ɓarar gyaɗa, ta shiga ta yi walaha, ta fito ta yi cinikin itace da wani mai amalanke har sai da mutumin ya yi rantsuwa ya haƙura. Aka kira azahar, aka idar. Saura abin da bai kai awa biyu ba.

Sannan ta ce ya faɗa mata shari'ar da Hausa, yadda zai faɗa wa uwarsa. Ya faɗa mata.

"Aro ne ko jingina?" ta tambaya. "Akwai shaidun da suka ga ana kai wa mai gona damin godiya duk kaka?"

Ya ɗago kai ya dube ta. Ya ce aro ne, kuma shaidu biyu suna raye.

Nan ta gaya masa abin da bai tsaya ya ji ba ranar Litinin. Ita ko sunanta da ƙyar take rubutawa. Amma da ciwon suga ya rage wa Lauya gani, shekara tara ita ce mai ɗauko masa littafi, su biyu suka tsara zaren. Kore na gado, baƙi na laifi, ja na gona. A jan kuma ƙulli ɗaya ciniki, biyu jingina, uku aro. Kowane zare yana kwance daidai kan shafin da hukuncin yake.

Ta kwance mayafinta ta ɗaga wani ja mai ƙulli uku. "Ga abin da kake nema. Jiya da hannunka ka cire shi."

Littattafan kantar sun fi arba'in, kowanne kamar bulo.

Kafin ta sa makulli a ƙofa sai da ta yanka farashinta. Duk Asabar zai zo ya mayar da zarurrukan nan inda suke, ya rubuta sabon jerin da gara ta ci, kuma duk sabon lauyan da ya zo karatu shi zai zauna da shi. Ya ce wata shida. Ta ce shekara biyu. Ya ce shekara ɗaya, Inna. Ta mayar da makullin bakin zane. Ya ce ya yarda, biyun.

A ciki ta hana shi buɗe ko ɗaya. Ta sa ya sauko da su ya jera a tabarma, suna duba saman takardun. Zaren rini ne, in ji ta, ya sha damina goma sha wani abu, dole ya bar shaida. Mai ƙulli uku tabonsa ɗigo uku ne. Ya duba goma, babu. Ashirin, babu. Ladanin unguwa ya fara gwada lasifika. A na talatin da ɗaya ya ga ɗigo uku ja a jere, ya sa farce ya buɗe. Yana karanta layin farko ya gane hukuncin da yake nema ne.

Ya roƙe ta ya tafi da shi kotu, ko na yini ɗaya. Ta karɓe littafin ta ce sharaɗi sharaɗi ne, ya ɗauki hotonsa a waya. Aka kira la'asar, ta kulle.

Alhamis lauyan Kano ya miƙe ya ce shi bai yarda da hoton waya ba, a kawo littafin a gani. Alƙali ya dubi Abdurra'uf. Kawu Sabo ya sunkuyar da kai.

Sai aka ji motsi a bencin baya. Hajiya Indo ce, ta biyo motar safe, da wani abu naɗe cikin sabon zane a cinyarta.

"Ranka ya daɗe, ga shi," ta ce. "Amma a gabana za a karanta, kuma da ni zai koma."

Bayan mako uku aka mayar wa Malam Sabo gonarsa. Lokacin gero ya riga ya wuce, wake ya shuka. Da kaka ya aiko wa Hajiya Indo buhu guda. Ta sa aka zazzage shi a tabarma ta duba ko da ƙwari, sannan ta ce a gaya masa ta gode.

Darasi: In ka shiga wuri neman ilimi, fara da girmama wanda ka tarar a bakin ƙofa, ko da bai iya karatu ba. Abin da ka raina ka yar, wataƙila shi ne abin da ka zo nema. Ku tura wa 'ya'yanku da suka gama makaranta, su karanta kafin su sa kwat.